Kafin Ka Sayi Ƙaramin Jirgin Sama: Koyon Tuƙi, Zaɓe Da Riƙo

Ƙaramin jirgin sama mai inji ɗaya, irin mai farfela a hanci da kujera biyu ko huɗu, a Amurka ya fi yawa. Ƙasar tana da filayen sauka kusan 5,000 da kowa zai iya amfani da su, kuma ba abin mamaki ba ne ka ga manomi ko malamin makaranta ya haɗa kuɗi da abokansa sun mallaki tsohon Cessna. A Najeriya da Nijar abin ya fi wuya, ya fi tsada, takardunsa sun fi yawa, amma bai gagara ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne mai kuɗin da tambayarsa ta farko ita ce nawa ake sayar da jirgin. Wannan tambaya ita ya kamata ta zo a ƙarshe. Kafin ita akwai likita, akwai makaranta, akwai awoyin da za ka yi a jirgin haya, akwai injiniyan da zai duba maka. Duk wanda ya tsallake ɗaya daga cikinsu zai biya, ko da aljihunsa ko da jikinsa.

Fara da likita, tun ba ka ba kowace makaranta ko kwabo ba. Lasisin tuƙa jirgi don amfanin kai, wanda ake kira PPL, yana buƙatar shaidar lafiya mai daraja ta biyu a tsarin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya. Ba kowane likita ke bayar da ita ba, sai wanda hukumar ƙasa ta amince da shi, a Najeriya NCAA ke nan. Zai auna gani da ji da bugun zuciya da hawan jini da suga, ya kuma gwada ko kana rarrabe launuka. Sa tabarau ba ya hana mutum tuƙi. Farfaɗiya da wasu cututtukan zuciya suna iya hanawa, kuma gara ka sani yau da ka sani bayan ka kashe miliyoyi. Sai Turanci: da shi ake magana da hasumiyar filin jirgi, kuma ana son matuƙi ya kai mataki na 4 cikin matakai 6. Ba Turancin burga ake nema ba, sai dai ka ji umarni a rediyo mai ƙara, ka maimaita shi daidai, ka kuma iya bayyana matsala idan ta taso.

Daga nan ka biya kuɗin tashi guda tare da malami. Akwai wanda yake sauka ya san ya samu abin da yake nema, akwai wanda jiri da tashin zuciya za su gaya masa gaskiya.

Zaɓen makaranta

Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ita ce uwa a wannan fanni a Najeriya. A nan Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwa a ƙasar, ta yi karatu, daga baya kuma ta shugabanci kwalejin. Akwai wata a Ilori, mallakar jihar Kwara. 'Yan Najeriya da dama suna tafiya Afirka ta Kudu ko jihar Florida ta Amurka, inda jiragen koyo suke da yawa kuma yanayi kan bari a tashi kusan kullum. Wanda ya yi karatu a waje ya sani cewa sai NCAA ta tantance lasisinsa kafin ya tuƙa jirgi mai rajistar Najeriya.

Kada kyan gini ko hoton talla ya ruɗe ka. Je ka da ƙafarka, ka ƙirga jiragen da ke tashi, ban da waɗanda aka jera a rumfa ƙura ta rufe su. Ka tambayi ɗalibai, ba ma'aikatan ofis ba, sau nawa suke tashi a mako. Amsar nan ta fi komai muhimmanci. Hannu da ƙafa da ido suna koyon jirgi ne ta maimaitawa, kuma wanda ke tashi sau uku a mako yana ɗorawa ne kan abin da ya koya shekaranjiya. Mai tashi sau ɗaya a wata kuwa rabin darasinsa tuni ne, kuma kowace awa ta tunin nan kuɗi ce. Haka nan kada ka zuba kuɗin karatun gaba ɗaya. An sha ganin makarantun tuƙi a ƙasashe daban-daban sun rufe da kuɗin ɗalibai. Biya kashi-kashi ya fi, ko da an yi maka alkawarin rangwame.

Doka ta ce mafi ƙarancin awoyin tashi 40 ne a tsarin ICAO da na Amurka, 45 a Turai. Yawancin ɗalibai sai sun kai 60 zuwa 70, don haka a kan wannan za ka yi kasafi. Cikin awoyin akwai aƙalla 10 da za ka tashi kai kaɗai, har da doguwar tafiya ta kilomita 270 wadda za ka sauka a filayen da ba naka ba. Sai mai shekara 17 ake ba lasisin. Akwai kuma karatun aji: dokokin sama, yanayi, taswira da lissafin hanya, yadda inji ke aiki, iyakar jikin ɗan Adam, da ka'idar magana a rediyo.

Abin da hannu zai koya

Darasi na farko a ƙasa ake yin sa. Kafin kowane tashi matuƙi yakan zagaya jirginsa da takardar jerin dubawa a hannu. Zai motsa filafilan fiffike da na wutsiya ya ji ko wani abu ya sassauce, ya shafa bakin farfela ya ji ko dutse ya ɓantare ta, ya zaro sandar baƙin mai, ya hau ya buɗe murfin tanki ya ga man da idonsa, don allurar mai ta ƙananan jirage ba abin dogaro ba ce. Sannan ya ɗauki ɗan kofi mai haske ya tsiyayi mai daga ƙarƙashin kowane fiffike, ya ɗaga shi sama. Man waɗannan jirage, Avgas 100LL, shuɗi ake rina shi. Idan akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a gindin kofin kamar ƙwallon gilashi, domin ya fi mai nauyi. Sai a yi ta tsiyaya har ya ƙare. Ruwa kaɗan yana iya kashe inji jim kaɗan bayan an bar ƙasa, lokacin da babu tsawon da za a yi dabara.

A ƙasa da ƙafa ake juya jirgi, ba da sitiyari ba, kuma wannan yakan rikita duk wanda ya saba da mota. Tashi ba shi da wuya. A Cessna 172 za ka tura totur har ƙarshe, ka danna ƙafar dama kaɗan don farfela tana jan hanci zuwa hagu, idan gudu ya kai kimanin kilomita 100 a awa ka ja sitiyari a hankali, jirgi ya rabu da ƙasa.

Malami zai kai ka sama sosai ya sa ka yi ta ɗaga hanci har ƙararrawa ta yi kuka, jiki ya yi rawa, hanci ya faɗi. Ba inji ne ya mutu ba. Fiffike ne ya karkata da yawa har iska ta daina binsa, sai ya daina ɗaukar nauyi. Maganinsa ka sauke hanci, ka ƙara wuta, abin da zuciya ba ta so, don tana ce maka ka ƙara ja. Za a maimaita har jiki ya riga tunani. Zai kuma rufe totur ba zato ya ce inji ya tsaya, ina za ka sauka? Jirgi ba ya faɗowa kamar dutse. Cessna 172 yana iya shawagin kusan kilomita 9 daga tsawon kilomita ɗaya, idan an riƙe gudun da ya dace. Abin da ake koya maka shi ne ka riƙa tafiya kana lura da fili, da gona, da inda iska ke kaɗawa.

Sauka ce ke cin awoyi. Kana gangarowa a gudun kilomita 120 a awa, ka tsallake bakin titi, ka rufe totur, ka ɗauke idonka daga hancin jirgi ka kai shi can ƙarshen titin. Sai ka riƙa jan sitiyari kaɗan-kaɗan, kana hana jirgin taɓa ƙasa, har gudu ya ƙare tayoyin baya biyu su zauna, ta gaba ta biyo baya. Ka ja da wuri, jirgi ya sake hawa sannan ya faɗo da ƙarfi. Ka makara, tayar gaba ta fara dukan ƙasa jirgi ya yi ta tsalle. Babu littafin da zai sa maka wannan a hannu. Kuma babu kunya a fasa sauka: ka ga abin bai daidaita ba, ka ba shi wuta ka zagayo. Ranar da malami ya gamsu, zai buɗe ƙofa ya fita, ya ce ka yi zagaye kai kaɗai.

A ƙarshe akwai jarrabawar rubutu, da ta baka, da ta tashi tare da mai jarrabawa.

Iyakar lasisin

A nan nake so mai karatu ya tsaya da kyau. PPL izini ne na tashi da ido, wato kana ganin ƙasa da inda sama ta haɗu da ita. Ka'ida ta gama-gari ita ce ido ya iya hango kilomita 5, a kuma nisanci gajimare. Duk wanda ya san Kano ko Maiduguri ko Damagaram daga Disamba zuwa Fabrairu ya san hazo yakan rufe gari har manyan jirage su kasa sauka. Haɗarin hazo shi ne ba shi da baki irin na gajimare da za ka gani ka kauce. A hankali yake haɗiye ƙasa, sai ka tarar babu sama babu ƙasa, komai fari.

Idan ido ya rasa madogara, kunnen ciki yakan yi wa mutum ƙarya. Jirgi na karkata, jiki na cewa a miƙe ake. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da na'urori ba, aka rufe musu ganin waje. Dukkansu jirgi ya ƙwace musu, a matsakaicin lokacin da bai cika minti uku ba. Abin da ya kashe John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ke nan ranar 16 ga Yuli 1999, shi da matarsa da yayarta, cikin Piper Saratoga, da dare, a kan teku mai hazo. A gida ma mun gani. Ranar 25 ga Oktoba 2012 marigayi Danbaba Suntai, gwamnan Taraba a lokacin, yana tuƙa Cessna 208 da kansa daga Jalingo, ya faɗi kafin ya kai Yola. Rahoton hukumar binciken haɗurra ya nuna ba shi da cancantar tuƙa irin wannan jirgi, kuma ya ci gaba da tafiyar ido bayan faɗuwar rana. Bai sake samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a 2017.

Saboda haka ra'ayina shi ne, wanda zai yi tuƙi a ƙasar Hausa ya ɗauki horon tuƙi da na'urori a matsayin rabin karatunsa na biyu, ba ƙari na ganin dama ba. Ko da shi ma, hadarin damina ba a shigarsa da ƙaramin jirgi. Ana tashi da sassafe, a sauka kafin gajimare ya haɗu da yamma, kuma ana karɓar bayanin yanayi daga NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, kafin a kunna inji.

Wane jirgi?

Bayan lasisi ka yi haya in da hali, ka tara awoyi, ka gwada iri biyu ko uku. A Amurka masu harkar sukan ce wanda ba ya kai awa 100 a shekara haya ta fi masa sauƙi. A Najeriya jiragen haya irin wannan ba su da yawa, abin da ke tura mutane ga saye ke nan, amma lissafin bai canza ba. Rubuta tafiye-tafiyen da kake yi da gaske: daga ina zuwa ina, da mutum nawa, da kaya nawa. Jirgin waɗannan tafiye-tafiye za ka saya, ba na tafiyar da kake mafarki sau ɗaya a shekara ba.

Ga sabon matuƙi ban ga wanda ya kai Cessna 172 ba. Tun 1956 ake ƙera shi, an yi fiye da 44,000, babu wani jirgi da aka ƙera da yawa haka. Yana da haƙuri da kuskure, kayan gyaransa suna samuwa, injiniyoyi sun san shi. Fiffikensa a sama yake, don haka akwai inuwa kuma ana ganin ƙasa. Yana gudun kimanin kilomita 220 a awa, yana shan lita 30 zuwa 38, wato Kano zuwa Abuja ba ta kai awa biyu. Piper Cherokee takwaransa ne mai fiffike a ƙasa. Cessna 152 mai kujera biyu ya fi araha amma ba ya ɗaukar kaya da yawa. Cirrus SR22 yana da gudu, yana da laimar da ke sauko da jirgin gaba ɗaya idan abu ya ɓaci, sai dai shi da Beechcraft Bonanza ba jiragen fara koyo ba ne. Gudunsu yana riga tunanin sabon hannu.

Kujera huɗu ba ta nufin mutum huɗu. Sabon samfurin 172 yana iya ɗaukar kimanin kilo 400 a kan nauyinsa. Cikakken tanki ya cinye kusan 145, saura 250 da ɗoriya. Manya uku da ƙaramar jaka ke nan. Zafi ma yana da nasa haraji. Filin Kano yana kan tsawon ƙafa 1,560 daga teku, amma ranar bazara da zafi ya kai digiri 40 iska takan yi shara-shara har inji da fiffike su yi aiki kamar suna kan ƙafa 5,000. Gudun tashi ya ƙaru, hawa ya ragu. A Jos, inda filin ya haura ƙafa 4,000, abin ya fi haka. Littafin jirgin yana da jadawalin wannan lissafi, kuma ana buɗe shi kafin a ɗora kaya.

Sai mai, wanda a wajenmu shi ne kan gaba. Avgas yana da wuyar samu a Afirka ta Yamma, kuma yana da tsada. Man da ake samu a kowane babban fili shi ne Jet A-1, wanda idan aka zuba shi a injin fetur zai lalata shi. Shi ya sa jirage irin su Diamond DA40 NG na ƙasar Ostiriya, mai injin dizal da ke shan Jet A-1, suka dace da nan, kuma kwalejin Zariya ma ta sayo irinsu. Akwai kuma ƙananan jirage masu injin Rotax, kamar Sling na Afirka ta Kudu, da ke iya shan fetur ɗin mota mai kyau. Kafin ka zaɓi jirgi ka tabbatar da inda za ka riƙa samun mansa, da injiniya mai lasisi da ya san injinsa, a garin da za ka ajiye shi.

Duba tsohon jirgi

Sabon 172 ya haura dala 400,000, don haka yawancin masu saye tsoho suke nema. Kamfanin Cessna ya dakatar da ƙera ƙananan jirage a 1986, bai dawo ba sai bayan shekara goma, shi ya sa da yawan waɗanda ke kasuwa na shekarun 1970 ne. Tsufa ba aibi ba ne idan an kula. Amma ba a sayen kifi a ruwa. Ka ɗauki injiniyanka, wanda ba shi da alaƙa da mai jirgin ko dillali, ka biya shi ya buɗe jirgin. Idan za ka ba da kafin alƙalami, a rubuta cewa za a mayar maka in binciken bai yi kyau ba.

Littattafan tarihin jirgi za a fara karantawa, na jiki da na inji da na farfela, daga shafin farko. Shekarun da aka tsallake ba a rubuta komai ba, ko littafin da aka ce ya ɓata, suna rage daraja sosai. A nemi alamar haɗari, a ga yadda aka gyara. A tabbatar an cika duk umarnin gyaran dole da hukuma ta fitar kan wannan samfuri.

Kamfanin Lycoming ya ba da shawarar a yi wa injin irin na 172 garambawul bayan awa 2,000 ko shekara 12, duk wanda ya riga. Mutane suna kallon awoyin su manta da shekarun. Injin da ya yi awa 400 kacal cikin shekara 15 ya fi ba ni tsoro a kan wanda ya yi 1,500 yana tashi kowane mako, domin zama ke sa tsatsa ta ci cikinsa. Injiniya zai cire fulogi, ya hura iska mai ƙarfin 80 cikin kowace silinda ya ga nawa ta riƙe. Saba'in da wani abu lafiya lau, ƙasa da 60 sai an bincika. Zai kasa kunne ya ji ta inda iskar ke fita, ta salansa ko ta wajen baƙin mai, kowanne da abin da yake nufi. Zai zura ƙaramar kyamara ya leƙa ciki, sannan ya yanka tacen mai ya warware takardarsa a rana yana neman ɓurɓushin ƙarfe. A jiki kuma zai buɗe ƙananan murafan ƙarƙashin fiffike ya haska tocila. Farin gari a kan alminiyom alamar ci ce, kuma jirgin da ya daɗe a bakin teku ya fi kamuwa.

Kuɗin saye shi ne mafi sauƙin lissafi. Bayansa akwai inshora, da rumfar ajiya, da babban binciken shekara-shekara, da canjin baƙin mai duk awa 50, da kuɗin sauka da na ajiya a filaye. Waɗannan da yawansu suna tafiya ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba, kuma kayan gyara da dala ake sayensu. Ka kuma ware wa inji nasa asusu. A ƙaddara garambawul zai ci dala 40,000, to kowace awa da ka tashi ka ajiye dala 20. Mutum uku ko huɗu su haɗa gwiwa dabara ce mai kyau, tana raba nauyi kuma tana hana jirgi zama, muddin an rubuta yarjejeniya tun farko: wa ke biyan me, yaya ake raba kwanaki, me za a yi idan ɗaya ya so fita.

Kada ka biya kuɗin jirgi a waje sai ka samu izinin shigo da shi daga hukumomin sufurin sama, ka kuma san abin da kwastan za su nema. Ana kawo shi ta hanya biyu: a cire fukafukai a sa shi a kwantena, ko, idan daga Amurka ne, a ɗauki ƙwararren matuƙi ya biyo da shi ta Kanada da Girinlan da Aisilan. Wannan tafiya ba ta sabon matuƙi ba ce. Idan ya iso za a yi masa rajista, lambar Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U, a ba shi shaidar cancantar tashi. A Najeriya mai jirgin kansa yana buƙatar izinin tashi na ba kasuwanci ba, kuma da shi da PPL babu wanda ya halatta maka ɗaukar fasinja don kuɗi.

Ko da irin jirgin da ka koya da shi ka saya, ka yi awoyin farko da malami a gefenka, a filayen da za ka riƙa zuwa, da nauyin da za ka riƙa ɗauka. Ka rubuta iyakokinka a takarda tun kana ƙasa: nisan ganin da ba za ka tashi ƙasa da shi ba, ƙarfin iskar gefe da za ka iya, da man awa ɗaya da zai rage a tanki duk inda ka sauka, ko da doka ta yarda da ƙasa da haka. Ka nuna wa iyalinka takardar, ka kuma gaya wa duk wanda zai bi ka cewa idan taron da za ku na dole ne, to a tanadi mota tun daren jiya.